TARIHIN DAMAGARAM CIKIN TSOFAFFIN HOTUNA DA KAYAN GADO

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu, tsohon mushen lekkwal, ya yi a babban taron shekara na ƴan garinmu mazauna Yamai. Ƴan biro sun ga ya kamata a buga shi cikin wannan takarda saboda waɗanda ba su samu halarta ba, na gida da na wurin bida. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.



Iyayenmu dattawa, wakilin maigari, malamai, shugaban ƙungiya da ƴan biro, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, ina gaishe ku gaba ɗaya, da fatan kowa ya baro gida lafiya. Waɗanda suka taso daga gida takanas saboda wannan taro, sannunku da hanya. Daga Damagaram zuwa Yamai kilomita wajen 900 ne, ba ƙaramin aiki ba ne ga ƙashin tsoho. Allah ya saka da alheri.

Shugaba ya ce in yi magana bisa tarihin ƙasarmu. Na ce masa akwai waɗanda suka girme ni a wurin nan, su ne masu tarihi; ni nawa kaɗan ne, wani na karanta cikin littafi, wani na ji ga bakin kakata. Ya ce in faɗi kaɗan ɗin, dattawa su cika. To, inda na yi daidai alhamdu lillahi, inda na kuskure ku gyara mini tun ban zauna ba.

Kun ga na zo da ƴar waliza. Cikinta akwai hotuna huɗu da na sa aka wanko mini daga tsofaffin littattafai, da waɗansu ƴan kaya na gidanmu. Zan miƙa su su zaga. Roƙona a riƙe su ta gefe, wanda kuwa ya ci goro ya share hannu tukuna.

Bari in fara da abin da ya sa na karɓi wannan magana. Ran 3 ga Satumba 2024 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Damagaram, tsohon masallacin ƙasa na cikin Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe. Da yawanmu mun yi salla cikinsa. Yau in jikanka ya tambaye ka yadda yake, ba abin da za ka nuna masa sai hoto. Ran nan na ce wa raina: in masallacin da duk ƙasa ta sani, ga shi kusa da gidan sarki, ya iya faɗuwa cikin yini guda, to ina ga abin da ke cikin adudun tsohuwa a ƙauye, ɗakin yana yoyo, gara tana aikinta ba dare ba rana?

Hoto na farko: ganuwa

Ga na farko. Wannan ganuwar Birni ce. Ku dubi mutanen da ke tsaye gindinta, ku ga yadda suka koma ƙanana. Tsawonta sama ya kai wajen mita 10, ƙofofinta bakwai. Wanda ya ɗauki hoton wani Bafaranshe ne da ake kira Furo. Shi da wani kwamandan soja, Lami, suka taso daga Aljeriya cikin 1898, suka ratsa hamada, suka biyo ta Agadas, suka iso Damagaram ran 2 ga Nuwamba 1899. Furo ya buga littafin tafiyarsa cikin 1902, da hotuna da yawa a ciki.

Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu shi ya sa aka gina wannan ganuwa. Ya yi wajen shekara talatin bisa sarauta, ya rasu 1884, watau shekara goma sha biyar kafin a ɗauki hoton nan. A zamaninsa Damagaram ta yi ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Da can ƙasar tana ƙarƙashin Barno, amma shi ya tara bindigogi dubbai, maƙeransa suna zuba igwa ta tagulla, ana haɗa albarushi cikin birni, ikonsa ya kai Mirya da Dungas da Waca har Muniyo. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne.

Amma ku sake duban hoton. Ƙasa nawa ta shiga ginin nan? Tulun ruwa nawa? Wa ya kwaɓa, wa ya ɗauka a ka, wa ya hau ya ɗora? Sarki bai taɓa laka da hannunsa ba. Kakata ta faɗa mini kakanta yana cikin waɗanda aka kira daga garinmu, suka tafi da guzurinsu na gero, suka yi aikin ganuwa har kansa ya saɓule saboda ɗaukar kwando. Ta ce har ya mutu, in ya shiga Birni ta ƙofar da ya yi wa aiki, sai ya dafa bango ya ce nan hannunsa yake. Furo bai san wannan ba, ba shi da hanyar da zai sani. Shi ya ɗauki bango, labarin masu ginin bangon ya rage ga bakin tsofaffin mata. Da kakata ta yi shiru, da yau ni ma bango kurum nake gani.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kasuwa haka ne. Amma a sha'anin tarihi na lura gani yana bukatar ji, gama hoto kurma ne kuma bebe, sai an samu mai yi masa magana.

Hoto na biyu: sarki da mahaya

Wannan Sarki Amadu ɗan Bassa ne, da rawani da alkyabba, ga fadawa kewaye da shi. Wanda bai san labari ba, in ya ga hoton sai ya ce ga mai ƙasa cikin ikonsa. To ga yadda abin ya faru.

Kafinsa ɗan'uwansa ne bisa gado, Amadu Kuran Daga, jarumin da ya kai yaƙi har ƙasar Kano a zamanin Sarkin Kano Alu. Cikin 1898 wani kaftin na Faransa, Kazamaju, ya sauka Damagaram yana nufin gabas. Fada ta yi zaton zai je ya haɗa kai da Rabe, wanda ya riga ya ci Barno, su juyo kan Damagaram. Ran 5 ga Mayu 1898 aka kashe shi da tafintansa. Shekara ta kewayo, sojan Faransa suka zo daga yamma, aka gamu a Tirmini ƙarshen watan Yuli 1899. Doki da mashi da bindigar ɗuri ba su iya da bindiga mai harbi a jere ba. Kuran Daga ya fita birni, aka bi shi aka kashe shi cikin watan Satumba. Nasara suka gina barikinsu bisa duwatsu, suka sa masa sunan Kazamaju, shi ne wanda daga baya aka mayar wa sunan Tanimun. Su ne kuma suka ɗora ɗan Bassa bisa gado.

Saboda haka sarkin da kuke gani cikin hoton nan, rawani nasa ne, amma iko yana hannun wanda ke riƙe da akwatin ɗaukar hoton. Shaida kuwa ba ta daɗe ba. Cikin 1906 Nasara suka ce sarki da manyan gari sun ƙulla makirci za su tashi a kansu. Aka tuɓe shi, aka kai shi Kodibuwar tare da waɗansu, aka bar gari hannun wani bafade mai sarautar Ballama. Sai 1923 aka mayar da sarauta gidanta, aka naɗa Barma Mustafa.

Yara ƴan lekkwal, ku riƙe wannan: duk hoton da aka nuna muku, ku tambaya wa ya ɗauka, a wace shekara, kuma me yake so a gani.

Hoto na uku: Zango

Ga raƙuma a durƙushe, ga kaya a ɗaure. Wannan Zango ne, unguwar da ke waje da ganuwa, inda Buzaye da Larabawa da fatake ke sauka. Tun 1852 wani Bajamushe, Bart, wanda ya kira kansa Abdul Karimu, ya sauka Damagaram ya yi wajen wata guda, ya rubuta cewa gari ne na ciniki wanda hanyoyi ke gamuwa a cikinsa. Ayari na tashi daga nan ya bi ta Damargu da Agadas da Gat har Tarabulus, bakin bahar. Ana tafiya da gashin jimina da fatun da aka jeme, ana dawowa da takarda da tufafi da takubba da turare da duwatsun wuya. Gishirin Bilma na zuwa, gero na tafiya arewa. A Zangon nan Malam Yaro ya zauna, attajirin da sunansa ya kai har Tarabulus.

Akwai haja guda da wannan hoto bai nuna ba, amma ba zan tsallake ta ba: bayi. An sayar da mutane a kasuwar Damagaram. Ana kai hari ƙauyuka a kamo su, waɗansu a bi da su hamada, waɗansu a zaunar da su gandu. Dukiyar da ta sayi bindigogin Tanimun, da kuɗin mutane a cikinta. Zan komo kan wannan.

Me ya kashe hanyar hamada? Cikin 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga bakin teku, cikin wannan shekara kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus da yaƙi. Kayan da raƙumi ke ɗauka wata da watanni, jirgi ya kawo cikin ƴan kwanaki. Tun daga nan fuskar Damagaram ta juya kudu. Iyayenmu suka shiga noman gujiya ana kai ta Kano, samari suka koyi tafiya ci-rani. Mu da muke zaune Yamai da Kano da Legas da Abijan, bidarmu ta samo tushe tun wancan lokaci. Garin kansa ya zama babban birnin mulkin Nasara na ƙasar Nijar daga 1911, kana aka ɗauke hedkwata aka kawo ta nan Yamai cikin 1926. Ga mu kuwa mun biyo ta.

Hoto na huɗu: motoci

Ƙarshen 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a baya maimakon taya, suka ratso hamada suka biyo ta Yamai da Tasawa suka iso Damagaram zamanin Barma Mustafa. Sun zo da mai ɗaukar hoto da mai ɗaukar silima da mai zane. Aka yi musu hawa, suka ɗauka, suka je suka nuna a Faris.

Ku dubi taron da ke bayan motocin. Mutum nawa ne? Kowanensu da uwa da uba da sunan da aka raɗa masa ran suna. Wataƙila kakan wani daga cikinmu yana nan tsaye, ya je Birni sayar da itace ya tarar da kallo. Amma a irin waɗannan hotuna, sunan Nasara ne ake rubutawa a ƙasa, da muƙaminsa. Wani lokaci a rubuta na sarki. Sauran jama'a ba suna. An ɗauke su kamar yadda aka ɗauki raƙuma da itatuwa.

Ban ce hotunan ba su da amfani ba. Ba domin su ba, da ba mu san kamannin ganuwa ba. Cikin Nasaran ma akwai waɗanda suka zauna da dattawa suka rubuta abin da suka ji, kamar tafinta Landeruwan da ya zo tare da Kaftin Tilo lokacin da aka shata iyaka tsakanin ƙasar Faransa da ta Ingila, daga 1906. Kuma ɗan ƙasarmu, marigayi Andire Salifu, haifaffen Damagaram, ya haɗa takardun Nasara da maganar dattawa ya fitar da littafinsa na tarihin Damagaram cikin 1971. Hanyar da ya bi ita ce daidai: takarda a hannu ɗaya, bakin tsoho a ɗayan.

Abin da nake so ku gane shi ne, na duba littattafan nan iyakar iyawata, ban ga garinmu ba ko sau ɗaya. Mai hoto yana tsayawa inda sarki yake da inda kwamandan yake. Mu tarihinmu yana wani wuri dabam. Bari in buɗe ɗaya gefen walizar.

Kayan gado

Ga wuri. Na tsince su cikin wata tsohuwar tukunya da aka tono bayan ɗakin kakata. Yara suna ganinsu ga wuyan jariri ko hannun mai duba, ba su san da su ake sayen hatsi ba. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Daga tekun Indiya ake kawo su, su ratso ƙasashe kafin su iso hannun kakanninmu. Wuri 20,000 shi ne keso guda. Wanda zai sayi doki sai ya nemi masu ɗaukar masa kuɗin, kuma sai an zauna an ƙirga biyar biyar har rana ta karkata.

Ga dala ta azurfa, wadda uwata ta rataya a wuya shekara da shekaru. Matar da ke jiki sarauniya ce ta ƙasar Otirish, Mariya Tereza. Zamanin da Bart ya zo, dala guda tana bakin wuri 2,500 a Kano. Kafin zuwan Nasara ta kusa ninka haka, gama wuri ya yi yawa ya rage daraja. Kun ga tsadar rayuwa ba yau ta fara ba. Har gobe muna ce wa tamma biyar dala, ko da ba mu taɓa ganin ta azurfar ba. Ku dubi shekarar da ke jiki: 1780. Kada wani ya ce dalar gidansu ta shekara fiye da ɗari biyu saboda wannan. A 1780 sarauniyar ta mutu, duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayanta wannan shekara aka riƙa sa musu. Kun ga ko ƙarfe mai rubutu yana iya ruɗin mutum in ba a san labarinsa ba.

Ga mazari. Wannan ba wanda zai saye shi ko dala, amma ya fi dalar daraja a wurina. Da shi kakata ta kaɗa zare tun tana yarinya. Zare ya je wurin masaƙi ya zama sawaye, sawaye su je karofi su sha baba, a ɗinka riga ko zane. Lokacin yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914, tana amarya, ta ce mini rumbu ya ƙare, aka ci ganye aka tona gidan tururuwa, suka bi hanyar kudu da ƙafa. Abin da ta ɗauka daga ɗakinta mazarin nan ne kurum. Inda suka sauka ta riƙa yi wa matan gari kaɗi ana ba ta dusa da tsaki, da haka ta rayar da kanta da mijinta har damina ta faɗi. Ba domin mazarin nan ba, da babu mai yi muku jawabi yau. Wane hoton Nasara zai faɗa muku wannan?

Ga takardar lampo ta mahaifina, da hatimi a jiki, an rubuta sunansa a karkace yadda kunnen mai rubutu ya ji. Dattawa sun san abin da ke bayan ƴar takardar nan: gardi bisa doki, maigari cikin rana, da aikin dole na hanya da ɗaukar kaya wanda ba a soke ba sai 1946.

Ga kuma wata takarda ta ajami, rubutun wani malamin garinmu da ya daɗe da rasuwa. Shaida ce ta iyakar gona, an ambaci gawo da tsohuwar rijiya da sunayen shaidu huɗu. Waɗanda ke cewa tsofaffin takardu ba su da amfani, su tambayi wakilin maigari: shekarun baya da rikici ya tashi kan wannan gona har aka kusa zub da jini, wannan takarda aka fito da ita daga cikin gafaka, aka karanta, kowa ya koma gida.

Abin da na yi hasara

Yanzu zan faɗi laifin gidanmu da nawa, domin kada a ce ina wa'azi ne daga bisa tudu.

A gidanmu akwai sulke da takobi da likkafa biyu na tagulla, na kakan mahaifina wanda aka ce ya je Tirmini ya dawo da rauni. Cikin yunwar 1984 wani dillali ya zo gari yana sayen tsofaffin kaya. Yayana ya ba shi duka a jika biyar, ya sayi gero. Ban zarge shi ba, yara na kuka, kuma ni da nake da albashi ban aiko da wuri ba. Amma geron ya ƙare cikin kwanaki, sulken kuwa yau Allah kaɗai ya san ɗakin da yake rataye, ba kuwa wanda zai san na wane ne.

Na biyun ya fi ciwo, gama babu yunwa a ciki, sakaci ne tsantsa. Ga hoton. Mahaifina ne da kayan soja, lokacin yaƙin duniya na biyu, da abokansa biyar. Uwata ta san sunan kowanensu da garinsu, ta san wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Biyu ma ƴan garinmu ne. Duk hutun da na je gida sai in ce gobe zan zauna da ita da bik in rubuta a bayan hoton. Ni da na yi shekara talatin ina koya wa ƴaƴan mutane rubutu. Gobe ta yi ta zuwa har ran da aka kira ni jana'iza. Yau ga mutum shida, na san ɗaya. Na yi wa abokan ubana abin da nake zargin Nasara sun yi wa taron Birni. Iyayena dattawa, in hoton ya iso gare ku, ku dube shi da kyau. In wani ya gane fuska ko ɗaya, ya tsai da ni bayan taro.

Masu ja da baya

Na san akwai masu cewa a bar tone-tone. Kashi biyu ne, kuma duka ina ganin girmansu.

Na farko suna cewa waɗansu kayan na zamanin jahiliyya ne, na bori da tsafi, ƙona su ya fi. Malamai suna nan, su ne masu hukunci. Ni dai abin da na sani, ajiye abu domin a san yadda aka fito dabam yake da bauta masa. Wanda ya ga inda kakanninsa suka taso, shi ya fi sanin girman ni'imar da Allah ya yi masa.

Na biyu suna tsoron maganar asali. Sun ce in aka buɗe tarihi za a ce gidan wane bayi ne, a hana aure, a ɓata zumunci. Wannan tsoro ba na banza ba ne, mun ga inda ya faru. Amsata ita ce: wanda aka kamo yana noma gonarsa aka ɗaure shi, ba shi ne mai abin kunya ba. Kuma a ƙasar da aka yi shekara ɗari ana hari, ba gidan da zai rantse jininsa bai gauraya ba, har gidajen sarauta. Duk da haka ina ba da shawara, abin da ya shafi asalin wani gida kada a rubuta shi sai da yardar masu gidan, kada kuma a karanta shi cikin taro. Muna tara tarihi ne domin mu haɗa kan gari. Duk wanda ya mai da shi abin gori, ƙungiya ta tsawata masa.

Abin da nake roƙo

Na ɗaya. Duk mai tsohon hoto, cikin makon nan ya zauna da wanda ya fi kowa tsufa a gidan, a rubuta a baya: su wane ne, ina aka ɗauka, wace shekara ko zamanin wane maigari. A rubuta da kiriyo, a hankali, gama tawadar bik tana cin takarda. Boko ko ajami, duk ɗaya.

Na biyu. A fitar da hotuna da takardu daga leda da ƙarƙashin katifa. A sa su cikin ambulan na takarda, a sa cikin akwatin ƙarfe, a ɗora bisa dutse ko benci nesa da bango, a riƙa dubawa farkon damina da ƙarshenta.

Na uku. Samari, wayar da ke hannunku tana ɗaukar hoto da murya. In kun je gida da salla, ku ba tsoho awa guda. Ku ajiye abu gabansa, mazari ne ko takobi ko tsohuwar hauya, ku ce ya faɗi labarinsa. Tsoho in ka ce masa ba ni tarihi sai ya ce bai san kome ba. In ka sa masa abu a hannu sai bakinsa ya buɗe. Kada ku manta da tsofaffin mata, su suka fi riƙe sunaye. Abin da kuka ɗauka ku aiko wa magatakardan ƙungiya, kada ya tsaya cikin waya guda, gama waya tana ɓata, tana faɗawa rijiya.

Na huɗu. Kada a sake sayar wa dillali kayan gado a ɓoye. Wanda matsi ya kama, ya zo ga ƙungiya tukuna. Ina roƙon ƴan biro su ware wani abu daga cikin zubin wata domin wannan, a ba mutum rance a riƙe masa kayan, ran da ya samu ya karɓi abinsa. Da akwai irin wannan a 1984, da sulkenmu yana nan.

Na biyar. A sayi babban kaye guda a ajiye wurin maigari, a rubuta kowane abu da gidan da yake da labarinsa. Kaya su zauna gidan masu su, ba wanda za a karɓe wa nasa. In Allah ya hore, wata rana mu gina ɗaki guda kusa da lekkwal mu jera abin da masu shi suka yarda. Kafin nan, ku da kuke Yamai, ku kai yaranku muze na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959. Da yawanmu mun shekara ashirin a garin nan, ba mu taɓa shiga ba sai don kallon zaki da kura.

Jama'a, na daɗe a tsaye, kuma na ga an fara sauke tukwane. Mu da muka baro gida, ƴaƴanmu an haife su nan, waɗansu ba su san hanyar rijiyar garinmu ba. Gona za mu bar musu, wataƙila da ɗan gida, amma in ba su san wanda ya sare gonar ba, ran da aka taya da tsada za su sayar. Dattawan da ke zaune gabanmu yau, ku ƙirga su, ku tuna nawa ne bara. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai da wanda ya san hanyar da aka biyo.

Allah ya jiƙan magabatanmu, sarakunansu da talakawansu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda sunansu ya ɓace. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wanda na ɓata wa cikin maganata ya gafarce ni.

Hotuna da kaya kuma, don Allah a dawo mini da su cikakku. Na ƙirga wurin kafin in fito, guda arba'in ne.